Batir ake zargi, altaneta ce mai laifi

A aikin sakatare, ni ne ke rubuta buƙatun da membobi ke kawowa asusun taimakon juna, kuma akwai wata buƙata da ta yi ta maimaituwa har na fara gane ta tun mai ita bai gama magana ba: mota ta ƙi tashi, ana neman rancen kuɗin batir. Abin da ya dame ni shi ne wasu sukan dawo bayan wata biyu ko uku da magana iri ɗaya. Sabon batir ba ya mutuwa cikin wata biyu haka kawai. In ya mutu, to akwai abin da ke kashe shi, kuma sau da yawa altaneta ce, wato injin da ke yi wa batir caji.

Aikin batir ƙarami ne. Shi ke juya kik ya tayar da inji, shi ke nan. Da zarar inji ya kama, altaneta ce ke ɗaukar nauyin komai: fitilu, AC, rediyo, famfon mai, kwamfutar mota, sannan ta mayar wa batir abin da ya kashe. In ta gaza, motar za ta ci gaba da tafiya a kan abin da ya rage a batir har ya ƙare, ta tsaya duk inda ta ga dama. Mai mota ya sayi sabo, motar ta tashi, ya yi hamdala, alhali ya ba ta abincin 'yan kwanaki ne kawai.

Mu a Maiduguri, "duk inda ta ga dama" magana ce mai nauyi. In mota ta mutu maka tsakanin Jiddari Polo da Post Office, turi ne da ɗan jin kunya. In kuwa a hanyar Damaturu ne, tsakanin Jakana da Benisheik, da iyali a ciki, rana na yin sanyi, wannan wani abu ne daban. Ba wanda ya manta daren 9 ga Fabrairu 2020 a Auno, lokacin da aka kashe matafiya kimanin 30 da suka kwana a bakin shinge saboda sun iso bayan an rufe hanyar shiga gari. Allah ya jiƙansu. Tun daga nan nake ɗaukar duk abin da zai iya jinkirta mutum a wannan hanya da muhimmanci.

Altaneta ba ta cika mutuwa ba tare da sallama ba. Jar fitilar nan mai hoton batir a dashbod ya kamata ta kama in ka murɗa makulli, ta mutu da zarar inji ya tashi. In ta zauna a kunne, ko tana ƙyaftawa kana tafiya, caji take nufi. In kuma ba ta kamawa sam, a duba, domin akwai masu sayar da mota da ke cire ƙwan don kada mai saye ya gani. Fitilun gaba da ke dusashewa in ka tsaya, su yi haske in ka taka totur, gilashi da ke hawa da kasala, ƙarar boris daga gaban inji, warin waya mai ƙonewa, duk saƙo ɗaya ne. Akwai wadda ba a wasa da ita: fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi, allurar zafi ta fara hawa. A motoci da yawa bel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa, to ya tsinke ke nan. Ka tsaya nan take, in ba haka ba injin ne zai ƙone.

Gwajin kansa ba ya cin minti biyar, kuma ƙaramar mitar da masu gyaran waya da masu sola ke amfani da ita ta isa. A sa ta a kan batir, inji a kashe bayan ya huta: cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6, in ya sauko 12.2 ya kusa rabi. A tayar da inji a sake aunawa. Lafiyayyar altaneta za ta ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.5. A kunna fitilu da AC, a ɗan taka totur. In ya faɗo ƙasa da 13 ya zauna a can, caji bai isa ba. In ya haura 15, regileta ta lalace, tana dafa batir ne, shi ya sa za ka ga ya kumbura ko ruwansa na ƙafewa. Wasu sababbin motoci kwamfuta ce ke rage caji da ƙara shi, don haka a nasu a auna fiye da sau ɗaya.

Akwai gwajin da nake roƙon kowa ya hana a yi wa motarsa: cire kan batir inji na aiki, wai in mota ta mutu altaneta ce. A zamanin Peugeot 504 an yi haka an kwana lafiya. Motar yau cike take da kwamfuta, batir kuma shi ke shanye hawa da saukar wuta. Ka cire shi, wutar ta yi tsalle, ta ƙona abin da ya fi altaneta tsada nesa ba kusa ba. Masu wayarin namu na da basira, ban raina su ba, amma wanda ba shi da mita a akwatinsa ba zan ba shi mota ba.

Ko mita ta nuna caji ya yi ƙasa, kada a yi saurin yanke wa altaneta hukunci. A duba bel ko ya saki ko ya yi santsi, a duba kan batir ko farin gishirin nan ya cinye shi, a duba wayar da ta haɗa batir da jikin mota, da fiyus, da soket ɗin bayan altaneta. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu suna cin waɗannan abubuwa. Motocin da ruwa ya shiga a ambaliyar Satumba 2024, bayan fashewar madatsar Alau, nasu ya fi: laka ta kwanta a ciki, tsatsa na cin su a hankali, wasu sai bayan watanni suka nuna. Mai sayen mota ta hannu a garin nan ya tambaya. Haka kuma ɗabi'ar da muka koya tun 2021, lokacin da aka lalata turakun wuta gari ya zauna a duhu, ta cajin wayoyi a mota inji a kashe, tana ƙarar da batir ba tare da laifin kowa ba.

In ta tabbata ita ce, ba kullum sai an canza duka ba. Kabon da ya cinye, regileta, ko boris, ana sauya su da kuɗi kaɗan. Dayod da ya ƙone yana iya zuƙe batir cikin dare mota na ajiye, shi ma ana gyarawa. In wayar ciki ce ta ƙone, ni dai na fi son ta Beljiyam mai kyau a kan wadda aka sake naɗawa, da sharaɗin mai shago ya yarda a gwada a dawo masa in ba ta caji. A tafi da tsohuwar a kwatanta: ƙarfin amfiya, bakin soket, yawan layin fuli, da ramukan noti. Wadda ta yi kama kawai ba ta isa ba.

Wajen ɗaurawa, a fara cire kan batir mai alamar ragi, domin babbar wayar bayan altaneta tana da wuta ko mota a kashe take. A ɗauki hoton yadda bel ya zagaya kafin a sassauta shi. Bel ɗin in ya tsattsage a canza shi lokaci guda. Batirin da ya mutu a kai shi caji ya cika tukuna; ɗora wa sabuwar altaneta mataccen batir yana sa ta yi zafi fiye da kima tun ranar farko. Bayan an gama, a sake sa mita a gabanka, ka ga 14 ko kusa da shi da idonka kafin ka biya.

Zan kawo shawara a taro mai zuwa cewa a sayi mita ɗaya da kuɗin ƙungiya, a ajiye ta a wurina ko wurin ma'aji, kuma duk mai neman rancen batir a fara auna motarsa a ƙofar gida kafin a rubuta sunansa.