Haɗa Takardun Kwamfuta Wuri Guda

Duk malamin da ya taɓa tura ɗalibai tattara kalmomi ya san cewa wahalar aikin tana wurin haɗa abin da aka kawo. Shekaru da dama ina tura nawa ɗaliban Bompai da Sharaɗa da Challawa, domin su rubuto kalmomin ma'aikatan masaƙu da na kamfanonin jimar fata. Kowa yakan dawo da nasa fayil, sai a buƙaci mayar da su kundi ɗaya.

A nan ne Hausa take shan wuya. Tsofaffin haruffan kwamfuta sun ɓoye ƙ da ɗ da ɓ ne a gurbin wasu alamomi. Da zarar an zuba irin wannan rubutu cikin wani fayil mai haruffa daban, sai ƙugiyar ta ɓace ko ta rikiɗe. Idan mai gyara ya yi gaggawa, sai ƙira ta koma kira, baƙi ya koma baki. Ga shi kuwa masaƙu da yawa sun rufe tun daga ƙarshen shekarun 1990, ma'aikatansu sun watse. Wa za a koma a tambaya?

Tsarin PDF, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1993, yana tafiya da haruffansa, don haka na fi yarda da shi wurin haɗawa, ko da yake gyara a cikinsa da wuya. Nakan umarci ɗalibai su buga da haruffan Unicode, su sa wa fayilolin lamba, 01, 02, domin su jeru daidai, sannan kowa ya adana nasa na asali.