Takardar fish da maganar ɗan ƙanena

Duk wanda ya taɓa neman aikin gwamnati a nan Sudan, ko bizar aiki ta Saudiyya, ya san takardar fish wa tashbih, wadda muke ce wa fish kawai. 'Yan sanda ke bayar da ita. Sukan ɗauki zanen yatsunka, su duba ko kotu ta taɓa yanke maka hukunci. Samarinmu na Abu Na'ama da Mai Wurno sun fi tsoronta a kan jarrabawa, kuma kowa ya san dalili: bango, wato tabar wiwi, da ƙwayar Tramadol sun shiga gonakin riɗi, yaro ya sha wai don ya yini yana yanka bai gaji ba.

Ɗan ƙanena yana cikinsu. An kama shi da bango yana ɗan shekara 19, kotu ta hukunta shi, ya tuba, yau shekara 5 ko sigari ba ya sha. Bana ya nemi aikin gadin wani rumbun gwamnati. Ana son fish, ana son ya amsa da hannunsa ko an taɓa kama shi da kayan maye, ana kuma son dattijo ya tsaya masa.

Ubansa ya same ni a rumfa. "Yaya, akwai mai yi mana takarda fara tas. Sunan kaka kawai zai sauya, kai kuma ka sa hannu." Ga waɗanda ba su sani ba, a nan suna huɗu ake rubuta wa mutum: nasa, na uba, na kaka, da na uban kaka. Na ce masa, "To yatsun nasa fa, wa zai sauya su?"

Na ƙi, kuma ba tsoron kamu kaɗai ya hana ni ba. Shekara 30 ina ɗaukar yaran shago. Wanda ya ce mini, "Alhaji, na ci kuɗin buhu ɗaya," ina iya ba shi mabuɗi wata rana. Wanda ya ɓoye har na gano da kaina, ko awon gishiri ba zan ba shi ba. Mai tantance ma'aikata ma haka yake lissafi. Tsohon shaye-shaye abu ne da za a auna: yaushe, sau nawa, an daina ko ba a daina ba. Ƙarya kuwa ta yau ce. Kuma mai gadin da ke ɓoye wani sirri, duk wanda ya san sirrin nan ya riƙe masa wuya. Ranar da dillalin takardar ya ce a buɗe masa ƙofar rumbu da dare, da wane baki yaron zai ce a'a?

Ko a Amurka haka abin yake. Fom ɗin da ake cikawa kafin a amince wa mutum da sirrin gwamnati, SF-86, yana tambayar shan ƙwaya na shekara 7 da suka wuce. Wanda ya faɗi gaskiya ana iya duba uzurinsa, wanda ya yi ƙarya da gangan kuwa yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. A Najeriya ma, tun da Buba Marwa ya karɓi hukumar NDLEA a 2021 yake ta kiran a riƙa gwada masu neman aikin gwamnati.

Mu kuma muna da ƙarin nauyi. Kakanninmu sun iso bakin kogin nan bayan yaƙin Burmi na 1903, amma har yau idan Bahaushe ya je neman lambar ɗan ƙasa yakan sha tambayar asali fiye da maƙwabcinsa. Sunan kakan nan da za a goge, shi ne hujjar 'ya'yana da 'ya'yan ƙanena baki ɗaya. In aka kama takarda guda ta jabu a gidanmu, ta kowa za a koma dubawa.

Yaron ya rubuta gaskiya, shekarar kamun da hukuncin duka, na sa hannu a ƙasa, limaminmu ya ƙara da wasiƙarsa. Amsa ba ta fito ba tukuna, wataƙila ma su ƙi shi. Ubansa gaisuwa kawai ke haɗa mu yanzu. Kafin nan yaron yana rumfata yana auna riɗi, kuma mabuɗin sito yana hannunsa.