Motar Daji da Haƙƙinta a Kanmu



A Shagamun nan, in ka cire gida da shago, babu dukiyar da ɗan goro yake ji da ita kamar motar shiga daji. Goro ba ya zuwa Sabo da ƙafarsa, sai an bi shi ƙauyukan Remo da bayan Ijebu-Igbo, wani lokaci har dajin J4 ko can cikin Ondo. Kuma Allah da ikonsa, lokacin da goro yake fara yawa, wajen watan Oktoba, shi ne lokacin da ruwan ƙarshen damina ya gama jiƙa jar ƙasar nan ta koma kamar sabulu. Shi ya sa nake so mu ɗan tattauna a kan waɗannan motoci namu, da abin da muke yi musu da sunan gyara.

Zamanin iyayenmu babu zancen fowil. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da akori-kura ta Peugeot ya yi fatauci, irin wadda ake haɗawa a Kaduna. Inda hanya ta ƙare nan mota take tsayawa, matan ƙauye su fito da kwanduna a ka. Land Rover kuwa ta gwamnati ce, ta 'yan sanda da ma'aikatan gandun daji, mu sai dai kallo. Daga baya ne tsofaffin Hilux suka fara faɗowa hannunmu, wasu tokunbo, wasu gwanjon kamfanoni. Tawa mai injin gas ce, wanda bakanikai suke kira 3L, ta girmi ɗana na biyu, kuma har gobe da ita nake ci da iyali.

Zancen sifirin shi ya fi damuna. Kowa ya sayi mota, kafin ma ya canza mata baƙin mai, ya tafi an ƙara mata ganyen sifirin biyu ko uku a baya. Wani har da ƙarfe a sa masa a ɗaga bodi. Dalilin a fili yake: mai ya yi tsada, ana so a kwaso a sawu ɗaya abin da ake kwasowa a sawu biyu. Ni ma ɗan kasuwa ne, na san lissafin. Amma ita wannan mota tan ɗaya ko kusa da haka aka ƙera ta ta ɗauka, kuma sifirin ba shi kaɗai yake ɗaukar nauyin ba. Aksil yana ɗauka, boris yana ɗauka, taya tana ɗauka, birki kuma shi ne zai tsayar da duka. Ka ƙarfafa ɗaya ka bar huɗu yadda suke.

Akwai ma wani abu da mafi yawanmu ba mu taɓa leƙawa mun gani ba. A ƙarƙashin bodin tsohuwar Hilux, daidai saman aksil na baya, akwai wani ɗan bawul da siririn ƙarfe ya haɗa shi da aksil ɗin. Aikinsa auna nauyi. Idan an yi lodi bodi ya zauna, ƙarfen nan sai ya motsa bawul ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan mota ba kaya, sai ya rage, don kada tayoyin baya su kulle ta yi juyi da kai. To ka ga, ranar da ka ƙara sifirin har bodi ya daina zama, bawul ɗin nan ka yi masa ƙarya. Kana ɗauke da huhun goro har sama da kan direba, shi kuwa a wajensa mota wayam take. Sai birkin gaba ya ɗauki kusan dukkan aikin, ya yi ta zafi a gangare, har ka taka ka ji ƙafarka tana tafiya mota ba ta sauraren ka. Ana iya saita shi bayan an ƙara sifirin, aikin bai kai na awa ɗaya ba a hannun wanda ya sani. Amma nawa ne a cikinmu suka taɓa cewa bakanike ya duba? Wasu ma an cire musu shi gaba ɗaya an jefar, wai yana yoyo.

Sannan duk motar da ka ɗaga, ka kuma tula mata kaya a sama, ka sauƙaƙa mata kifewa. Hanyar daji ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, taya ɗaya tana cikin rami ɗaya tana kan tudu. A saman wannan tulin ne kuma muke ɗora yaran mota. Ni na'ibi ne, ranar da liman ba ya gari ni nake tsayawa a gaba in an kawo gawa. Shekarun baya na sallaci wani yaro da bai kai ashirin ba, wanda ya zo daga Arewa neman kuɗin aure. Mota ta kwanta da shi a wata kwana, a tafiyar da ba ta fi ta mai keke sauri ba. Direba da maigidan da ke gaba ko ƙwarzane ba su yi ba. Ni aka ba waya na gaya wa mahaifiyarsa. Ajali gaskiya ne, babu mai ja da shi, amma wanda ya ce wa yaro hau saman kaya shi ma za a tambaye shi. Gidan gaba yana cin mutum uku in an matsa. In bai ci ba, a biya wa yaron okada ya biyo baya, kuɗin bai kai na goro ƙwarya ɗaya ba.

Kada wani ya ce Malam ya hana gyaran mota. Akwai gyaran da ni da kaina na yi, kuma ina ba kowa shawara. Na farko shi ne hancin aksil. Kowane aksil yana da ɗan ƙaramin hanci a samansa da yake shaƙar iska. Ka yi tafiya aksil ya ɗau zafi, ka faɗa rafi, ruwan sanyi ya taɓa shi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙi ruwa ta wannan hancin. Bayan mako biyu ka kwance ka ga man giya ya koma fari-fari kamar an dama fura, haƙoran ciki kuma sun fara cin juna. Maganinsa ɗan tiyo ne na roba, a ɗaura a hancin a ja shi sama can kusa da bodi. Na biyu, bututun nan da ake fito da shi ta gefen gilashi zuwa saman rufi don injin ya riƙa shan iska daga sama. Da farko mutane dariya suka yi mini, wai na sa wa mota haure. Amma injin gas in ya shaƙi ruwa ba tari yake yi ya wuce ba, sandunan fistin ne suke lanƙwashewa, daga nan sai Ladipo neman rabin inji. Sai farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda kututture, da ƙugiya mai ƙarfi da aka ɗaure a jikin shasi. Kada a kuskura a ɗaura igiyar ja a bamba, in ta fizge tana iya kashe na tsaye. A bayan kujera kuma kullum akwai shebur, adda, da guntun katako mai kauri na ɗora jak, don jak a cikin taɓo nutsewa kawai yake yi.

Mu 'yan goro muna da ƙari a kan na kowa. A yi wa bodi ƙarafan rumfa a ja tamfol yadda iska za ta ratsa, domin rana da zafi su ne maƙiyan goro. Jarkar gas kuma ta yi nesa da huhu. Goron da ya ɗau warin gas, ko ka kai shi Kano sai an gane.

Su kuma samarinmu masu Prado da Pajero, da fitilu takwas a goshi da ƙaton ƙarfe a gaba kamar za su ture giwa, waɗanda tayarsu ba ta taɓa taka abin da ya wuce kwaltar Legas zuwa Ibadan ba, to Allah ya ƙara buɗi. Abin da kawai zan ce, ƙatuwar taya tana ƙara shan mai, tana gajiyar da kuloci da birki, tana kuma sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gudun da kake yi. In dai an san da haka, kuɗin mutum nasa ne.

Ita ƙaramar giyar nan ta gefe ma tana da ladabinta. H2 ta kwalta ce, H4 ta laka da yashi, L4 ta inda abu ya yi tsanani ana so mota ta ja a hankali da ƙarfi. Idan ka fito kan busasshiyar kwalta, ka mayar da ita H2. Irin waɗannan motoci in suna fowil, gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya daidai, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya. A laka taya tana ɗan zamewa abin ya warware. A kwalta babu zamewa, sai ƙarafa su yi ta murɗe juna har wani ya gaji ya karye. Kuma ko da rani, sau ɗaya a wata, a kulle hob ɗin gaba a ɗan zaga a kan turɓaya don mai ya ratsa. A riƙa ɗura giris a gaɓoɓin farfela duk bayan an shiga ruwa. Masu injin irin nawa, belin tayimin kilomita 100,000 ne wa'adinsa, ba ya kuma yin sallama kafin ya tsinke. Tayar tokunbo kuwa a duba lambobi huɗun nan na gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2317, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2017, komai kyan zanenta tsohuwa ce.

Yanzu ga maganar da ta sa ni ɗaukar alƙalami. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, wata dabara ta yaɗu: a kwance farfelar gaba a ajiye, wai mota ta rage shan mai. A motar da hob ɗinta ake buɗewa da hannu wannan wahalar banza ce, domin in ka buɗe hob ka sa H2, farfelar gaba ba ta ma juyawa. Amma dai mota taka ce, in ka cire babu mai hana ka. Matsalar tana zuwa ranar sayarwa.

Kwanan baya mutum biyu suka tsaya bayan sallar isha'i suka ce suna da magana. Dukkansu ina jin nauyinsu, ɗaya ma tare muka yi allo. Ɗayan ya sayi mota a hannun ɗayan a matsayin fowil, ya biya kuɗin fowil. Sawunsa na farko, ya yi lodi, ruwa ya sauko, ya kafe. Ya ja ƙaramar giya, fitila ta kama a gabansa, tayoyin baya suna ta wulwulawa, na gaba ko motsi. Yaronsa ya kwanta a cikin laka ya leƙa, ya ce, “Alhaji, ai babu ƙarfen gaba.” Kwana biyu suka yi a wurin kafin a samo tarakta, goron ya sha rana ya sha ruwa, wani sashe ya fara baƙi.

Na tambayi mai sayarwa, ya ce, “Malam, ai bai tambaye ni ba. Kuma ya zo da bakanikensa ya duba.”

Na ce, “Alhaji, kai ka san babu ita?”

Ya ce ya sani.

“Ka san daji zai shiga da ita?”

Ya yi shiru.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ya san ɓoye aibin haja ba ya halatta, kuma wanda ya saya ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Gafalar bakanike ba ta sauke wa mai kaya nauyin faɗin abin da ya sani. Mu da kanmu, in baƙauye ya cusa mana goro mai ƙwaro a ƙasan kwando ya jera mai kyau a sama, me muke kiran sa? Ba na son in rubuta kalmar a mujalla.

Alhamdu lillahi an yi sulhu. Mai saye ya ce yana son motar. Mai sayarwa ya fito da farfelar, ashe tana nan a jingine a bayan shagonsa, ya biya kuɗin ɗaurawa, suka raba asarar goron biyu. Sun gaisa, amma na lura har yau ba sa zama tabarma ɗaya, alhali shekara ashirin suna cin tuwo tare.

Saboda haka mai sayen mota, kada ya ji kunyar babbar rigarsa. Ya tuɓe ta, ya kwanta ya leƙa da idonsa, ya ga ƙarfe biyu sun fito daga bayan giya, ɗaya ya yi baya ɗaya ya yi gaba. Sannan a ɗaga motar ƙafa huɗu, a kulle hob, a sa fowil, ya tsaya ya ga dukkan aksil biyun suna aiki. Fitilar gaban direba ba shaida ba ce, ita dai ta san an ja giya.

Ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, bayan la'asar, za a ɗaga tawa a garejin bayan masallaci don shirin kaka. Duk mai son ya ga bawul ɗin birkin nan da yadda ake saita shi, ko tiyon hancin aksil, ya zo da yaron motarsa da tocila.