Furen Da Ya Makara

A ƙasar Ingila akwai wani fure da ake kira airis. Sunan nan daga harshen Girkawa ya fito, ma'anarsa bakan gizo, saboda yawan launinsa. Ganyensa kamar takobi yake, saiwarsa kuwa kamar ɗanyar citta. Aibinsa ɗaya ne. Yawancinsa a watan Mayu da Yuni yakan buɗe, kowane fure ya yi kamar kwana uku ya yanƙwane, bayan 'yan makonni lambu ya koma ganye zalla.

To, akwai wani tsoho a can wanda ciwon ƙafa ya kwantar da matarsa. Kullum tana zaune bakin taga tana kallon lambu. In furen ya wuce sai ta daina duban waje, abinci ma sai da lallashi. Abin ya dami tsohon nan ƙwarai, ya shiga neman irin da ke makara.

Da fari ya samo irin Japan mai son laima, ya dasa a bakin kududdufi, ya riƙa buɗewa har cikin Yuli. Sa'an nan ya samo wani fari mai suna Immortality, wanda aka fitar a Amurka a 1982. Wannan in ya sami ruwa da taki yakan sake fure wajen Satumba. Daga ƙarshe ya dasa irin Aljeriya a gindin bango mai fuskantar kudu, cikin busasshiyar ƙasa mai tsakuwa.

Shekara biyu na Aljeriyan nan bai yi kome ba sai ganye. Maƙwabta suka ce ya tumɓuke ya huta, tsoho ya ƙi. A shekara ta uku, cikin Disamba, sanyi ya kashe sauran furanni duka, sai ga shi ya fito da tsiro. Tsoho ya yanko ɗaya ya sa a kofin ruwa kusa da matarsa, ɗumin ɗaki ya buɗe shi, shuɗi mai kyau, tana kallo. Ran nan ta ci abinci ba lallashi. Haka ya yi ta ba su fure har watan Maris.

Kowane iri da lokacinsa, wanda ya makara ba a ce ya lalace. Wanda ya koyi karatu da furfura ya san wannan, gama gemu ba ya hana ilmi.