Turancin Da Ya Mutu A Ingila Yana Raye A Bakin Goggo



Bayan sadakar arba'in ta kakanmu a Kurfi, mun buɗe akwatinsa muka tarar da wata takarda da ta yi ja saboda tsufa. A kanta an rubuta cewa ya karɓi gona jingina a kan fam bakwai da sule goma, a gaban alƙalin En'e. Jikokin mai gonar sun daɗe suna cewa tasu ce, mu kuma mun tashi muna jin an saya.

Mu biyar ne a ɗakin, uku sun yi digiri a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, amma babu wanda ya iya cewa nawa ne kuɗin. Sai Goggo, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta ce, "Kai, 'ya'yan nan! Sule ashirin ne fam, kwabo goma sha biyu ne sule. Da Naira ta zo, fam ɗaya ya koma Naira biyu. Ku lissafa."

Naira goma sha biyar ke nan.

Daga baya muka gane Turanci Goggo take yi mana, irin wanda masu shi suka ajiye. Sule daga "shilling" ne, sisi daga "sixpence", kwabo daga "copper". Ingila ta bar wannan lissafi a 1971, mu muka bar shi a 1973. En'e haruffa biyu ne, N da A, wato hukumar gargajiya da ƙananan hukumomi suka gada a 1976. Haka Di'o da Razdan. Har gobe dillalin shanu a kara yana cewa jaka, yana nufin fam ɗari, wato Naira ɗari biyu.

Kalmar jingina ce ta raba gardama. Dattawa suka zauna, aka daidaita a kan abin da za a biya, gona ta koma hannun masu ita. Mun ji zafi, amma gara hakan da mu ci haƙƙin wani.

Tun ranar muka sayi littafi, muna zama wurin Goggo bayan la'asar muna rubutawa. Mu tambayi tsofaffinmu tun suna nan. Allah Ya jiƙan magabata.