Shekara Uku a Tsibirin Bunkure

Duk wanda na gaya wa cewa iyalina a tsibiri suke zaune sai ya yi murmushi, domin ya san babu teku a Jihar Kano. Amma gidan da muka gada a wajen garin Bunkure yana tsakanin magudanan ruwa biyu ne, kuma idan aka dasa shinkafa, ruwa kan kewaye mu ta kowace fuska. Hanya ɗaya tak muke da ita, wani siririn kwalbati da mota ke haurawa da ƙyar. 'Yata ƙarama ce ta raɗa wa wurin suna Tsibiri, sunan kuma ya bi shi.

Ba sha'awar ƙauye ce ta kai mu ba. Yajin aikin jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, babu albashi, ga kuɗin haya a birni ya zo wuya. Da na kawo maganar ƙaura, uwargida ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, ni ba tafiyar nake tsoro ba. Ina yaran za su yi karatu, kuma wa za mu buga wa ƙofa idan ciwo ya tashi da dare?" Ban da amsa a ranar, kuma har yau rabin amsar nake da ita.

Wanda bai taɓa ratsa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam a watan Maris ba, zai yi wuya ya yarda da abin da zan faɗa. A lokacin da sauran ƙasar Hausa ta bushe ƙurmus, nan kore ne shar iya ganinka: alkama, albasa, masara, tumatir. Asirin abin yana Tiga, madatsar da aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974. Daga can ruwan ke gangarowa da kansa, ba inji ba famfo, ya bi babbar magudana, ya rarrabu a ƙanana har ya isa bakin gonar talaka. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Na sha karanta wannan tarihi a ɗakin karatu, amma sai da na ga dattijo ya toshe bakin kwari da ƙafarsa ya juya ruwa zuwa wata fadama, sannan na fahimce shi.

Wannan dattijo maƙwabcina ne, kuma shi ya fara rage mini girman kai. Wata rana ina yi masa ƙorafin wahalar ƙaura, ya ce, "Dakta, kai ka bar gida ne kana iya komawa ka gan shi. Mu namu yana ƙarƙashin ruwan Tiga." Yana yaro aka tashe su don a tara ruwan da yau muke ci da shi. Tun daga ranar na daina ɗaukar kaina a matsayin wanda aka fi zalunta.

Sai dai ruwan da ke ciyarwa shi ne ke cutarwa. Daminarmu ta farko, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara uku a mako guda. Bayan wata shida ɗana babba, wanda ya koyi iyo a magudana tare da sababbin abokansa, ya zo mini a ɓoye ya ce, "Baba, ina ganin jini a fitsarina." Tsargiya ce, wadda ƙwayarta ke rayuwa a jikin dodon-koɗi cikin ruwa mai kwanciya. Maganinta ba shi da tsada, ya kuwa warke, amma na gano yawancin abokan nasa sun ɗauki abin a matsayin alamar girma, babu wanda ya taɓa kai su asibiti.

Kasuwa ma ta koya mini nata darasin. Na noma tumatir, ya yi kyau, na kai shi Kwanar Gafan a tsakiyar kaka, lokacin da kowa ya kawo nasa. Abin da dillali ya taya kwando bai biya kuɗin kwandon da na mota ba. Na dawo da rabi, muka yanka muka shanya a ƙasa kamar yadda kowa ke yi. Manomin da ya tsira daga tsutsar da ta cinye gonaki a 2016, ya tsira daga kachalla mai toshe magudana, sai ya zo ya faɗi a hannun araha, saboda babu wurin adanawa, kuma masana'antar tumatir ta Kadawa ba ta isa ta ɗauke amfanin yankin duka ba.

Yanzu albashi ya dawo, ina zuwa aji daga nan, kuma da mun so komawa birni da mun koma. Uwargida ce ta ƙi. Ta tara matan unguwa tana koya musu karatu da yamma, su kuma sun koya mata turara shinkafa. Yara sun san jan-baki daga kukansa, sun san ranar da ake sakin ruwa.

Abin da nake roƙon hukumomi bai fi ƙarfinsu ba: a riƙa yashe magudanai a kan kari, a kai maganin tsargiya makarantun yankin duk shekara, a samar da wurin adana amfanin gona kusa da manomi. Ɗalibaina kuwa, musamman masu nazarin noma da tattalin arziki, ina gayyatarku. Bunkure ba ta da nisa da Kano. Ku zo da rani, ku zo da takalmin da ba ku jin tausayinsa, kwalbatin namu yana nan.