Daga Benci Zuwa Banki

Duk malamin da ya daɗe yana koyar da fassara ya san ba dogayen kalmomi ne ke kayar da ɗalibi ba. Doguwar kalma takan tsorata yaro ya garzaya ga ƙamus. Gajeruwar da yake ji kullum, har yake ganin ya gama saninta, ita ce ke shammatarsa. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmar Ingilishi "bank".

Kowa a ƙasar Hausa ya san banki. Shi ya sa duk shekarar da na ba 'yan aji biyar labarin masuncin da ya zauna a "bank" yana gyaran koma, sai na sami rabin aji sun kai bawan Allah layin masu karɓar albashi da komarsa a hannu. Alhali kuwa a bakin kogi yake zaune.

Abin da ya ƙara buɗe mini ido a kan wannan kalma wani ɗan ƙamus ne na Ingilishi da Italiyanci da na gada daga kawuna. Shi kawun nawa ya yi aiki da Turawan Italiya da suka gina madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978. A ƙarƙashin wannan kalma guda, ƙamusun ya jera kalmomin Italiyanci har shida.

Gidan ajiyar kuɗi shi ne "banca". Bakin kogi kuwa "riva" ne ko "sponda". Idan tudun ƙasa ne da mutane suka tara don tare ambaliya, irin aikin su kawu, sai su ce "argine". Tarin yashi a tsakiyar ruwa kuma "banco" ne, kalmar da suke kiran teburin ɗalibi a aji da kantar mai shago da ita. In Bature ya mai da kalmar aikatau, ya ce yana "bank" a kanka, wato ya dogara gare ka, mutumin Italiya "contare" zai ce, ma'ana ƙidaya: ya sa ka cikin lissafinsa.

To, abin mamakin shi ne, ma'anar kuɗin daga Italiya ta fito. A biranen ƙasar, 'yan canji kan zauna a kasuwa da bencinsu, suna ƙirga kuɗi a kansa. Wannan benci shi ne "banca". Sana'ar ta bunƙasa har iyalin Medici suka kafa bankinsu a Filorens a 1397, aka kuma kafa Monte dei Paschi a Siyana a 1472, wanda har yau yana aiki. Kalmar ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi, inda ta iske wata mai kama da ita, ta bakin kogi, wadda ta riga ta zuwa daga harsunan arewacin Turai. Suka zauna cikin riga ɗaya. Hatta kalmar Ingilishi ta karayar arziki daga "banca rotta" take, wato karyayyen benci. Ashe banki da benci da muka aro 'yan gida ɗaya ne, ba mu sani ba.

Kalmar ba ta daina haihuwa ba. A 1937 wani likita a Shikago, Bernard Fantus, ya raɗa wa ma'ajiyar jini ta asibitinsu sunan bankin jini, mutanen Italiya kuma suka karɓa, suka ce "banca del sangue". A nan ba su nemi sabuwar kalma ba, domin ajiya ce, ta kuɗi ko ta jini.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan halin Ingilishi ne kaɗai. Mu dubi "baki" a Hausa: bakin mutum, bakin kogi, bakin wuƙa, bakin aiki, sa baki, haɗa baki. Wanda zai juya waɗannan zuwa wani harshe da kalma guda, ya ɓata labari ke nan.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa da ke sha'awar fassara, abin lura shi ne harshe ba ya aron kalma da dukkan kayanta. Hausa ta ɗauki banki na kuɗi, ta bar sauran, don tana da gaɓa da tudu da madatsa tun fil'azal. Mutanen Italiya ma kowace ma'ana sun ba ta mazauninta. Ƙamus jerin 'yan takara kawai zai ba ka, zaɓen kuwa naka ne. Kafin ka zaɓa, duba kalmomin da ke kewaye: akwai koma da kwalekwale, ko kuwa akwai rance da riba? Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Haka kalma take, maƙwabtanta ne ke nuna ko wace ce ita.